Daga Surin Gara zuwa Tsutsar Jirgi: Magungunan da Bakteriya ke Haɗawa a Jikin Masu Cin Itace

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Zakka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, ko a ƙauyukan Batsari da ke gefen dajin Rugu, ya san gara tun bai san karatu ba. Saboda ita ake ɗora rumbu bisa duwatsu. Saboda ita magini ke neman azarar giginya in zai yi rufin soro, saboda ita kuma ake fifita ƙirya in za a kafa dirka. Manomi ya manta ƙotar fartanya a gona, bayan 'yan makonni sai ya tarar an yaɓe ta da ƙasa, cikinta kuwa ya zama fanko. Abin ya zama jiki, har ba a cika tambayar yadda ɗan ƙwaron nan ke ƙoshi da busasshen itace ba, alhali ɗan Adam da zai cika cikinsa da garin katako, yunwa ce za ta kashe shi.

Amsar ita ce gara ba ita kaɗai ke wannan aiki ba. Tana da abokan zama, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke narka mata itacen. Irin wannan zama shi masana ilmin halittu ke kira zaman cin moriyar juna, abin da Bahaushe zai ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. A cikin teku, fiye da kilomita 700 daga Zakka, akwai wata halitta mai sana'a irin ta gara, wadda ake kira tsutsar jirgi. Binciken da aka yi a kanta ya nuna cewa abokan zamanta ba ciyar da ita kawai suke yi ba, har da haɗa sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Wannan darasi zai bayyana yadda aka gano haka, da dalilin da ya sa likitoci suka zuba wa sinadaran ido, sannan ya dawo da mai karatu gida, bakin surin gara.

Mece ce Tsutsar Jirgi?

Sunan yana da ruɗi, domin halittar ba tsutsa ba ce. 'Yar'uwar dodon koɗi ce, kuma danginta na kusa su ne makankarin nan mai ɓawo biyu da ake samu a bakin gulbi. Wani masani a ƙasar Holan, Gottfried Sellius, shi ya tabbatar da haka a littafin da ya wallafa a 1733. Jikinta fari ne, dogo, mai laushi. Ɓawonta guda biyu sun ƙanƙance sun koma can gaba wajen kai, suna ɗauke da ƙananan haƙora jeri-jeri kamar na magagari, da su take kankarar itace. An san nau'o'inta fiye da 60, wanda ya fi suna kuwa shi ne Teredo navalis.

Tana fara rayuwa ne a matsayin ɗan mitsitsin abu mai iyo a ruwan gishiri. Da zarar ta sami itace, ko jikin jirgi ne, ko turken gada, ko saiwar bishiyar bakin teku, sai ta huda wata 'yar kafa ta shige, ba za ta sake fitowa ba har mutuwa. Tana ci tana girma, tana shafe bangon raminta da farar ƙasa irin ta ɓawon ƙwai. Bututu biyu kawai take leƙo da su waje, ɗaya na shigar da ruwa, ɗaya na fitarwa. Saboda haka daga waje katako yakan yi kamar lafiyayye, ciki kuwa ya zama saƙar zuma, daidai da yadda gara ke yi wa ƙyauren ɗaki. Ana samun ta a tekunan duniya, musamman masu ɗumi, har da gaɓar Afirka ta Yamma, inda take cin kwale-kwalen masunta. A ƙasar Filifin da arewacin Birazil kuwa abinci ce, mutane na tsage itace su zaro ta su ci.

Ɓarnarta a Tarihi

Muddin jiragen ruwa na katako ne, wannan halitta ta kasance abar tsoro ga matuƙa. A tafiyarsa ta huɗu zuwa yankin Amurka, Kolumbus ya rasa jiragensa saboda ita, har ya maƙale a tsibirin Jamaika daga 1503 zuwa 1504. A farkon shekarun 1730 ta cinye turakun madatsun da ke kare ƙasar Holan daga ambaliyar teku, dole aka sake gina su da duwatsu a kan kuɗi masu yawa. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta gwada lulluɓe ƙasan wani jirginta da fallayen jan ƙarfe, dabarar da daga baya ta game jiragenta. Tsakanin 1919 da 1921 ta rusa matsayar jirage da dama a mashigin San Faransisko na Amurka.

Amma ba ɓarna kaɗai aka gada daga gare ta ba. Injiniya Marc Brunel ya lura da yadda take haƙa rami tana ƙarfafa bangonsa a bayanta, ya kwaikwayi dabarar a na'urar da ya yi wa rajista a 1818. Da ita aka haƙa hanyar da ta ratsa ƙarƙashin kogin Tems a Landan, wadda aka buɗe a 1843. A dawa kuma, wato inda babu jirgi ko gada, aikinta na da amfani, domin ita ke mayar da gungumen da koguna ke kwasowa zuwa teku abinci ga sauran halittu.

Wahalar Cin Itace

Duk dabbar da za ta rayu da itace tana fuskantar matsaloli biyu. Ta farko ita ce narkarwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace wani sinadari ne mai suna selulos, shi ne kuma zaren auduga. Selulos sukari ne zalla, amma an ƙulla ƙwayoyinsa cikin dogayen sarƙoƙi masu wuyar tsinkewa, an kuma dabaibaye su da wani sinadari mai tauri, liginin. Kafin a sami sukarin sai an sami inzayim, wato sinadarin da ke aiki kamar almakashi, mai iya yanka sarƙar. Cikin ɗan Adam ba shi da irin wannan almakashi. Saniya ma ba ta da shi, bakteriya da sauran ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke narka mata ciyawa da kara.

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin naitirojin. Jiki ba ya ginuwa sai da furotin, furotin kuma ba ya samuwa sai da naitirojin, a itace kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Iska na ɗauke da shi har kashi 78 cikin 100, sai dai babu dabba ko tsiro da ke iya amfani da shi kai tsaye daga iska. Wasu nau'o'in bakteriya ne kaɗai ke da wannan baiwa. Manomin Zakka ya san amfaninsu ko da bai san sunansu ba: 'yan ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwar gyaɗa da wake gidajensu ne, shi ya sa gonar da aka yi gyaɗa a cikinta bara takan yi wa dawa kyau bana.

Baƙin da ke Gaɓar Numfashi

Tsutsar jirgi na numfashi da wata gaɓa mai kama da jajayen nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi. A 1848 wani Bafaranshe, Gérard Deshayes, ya ga wani sashe na daban a wannan gaɓa, ya zaci wani ƙullin tatsar ruwa ne. Sai a 1973, da aka duba shi da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, aka ga ashe cunkushe yake da bakteriya, suna zaune a cikin ƙwayoyin jikin dabbar.

A 1983 masana uku a Amurka, John Waterbury da Bradford Calloway da Ruth Turner, suka yi nasarar raino wannan bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da suka gani ya ba da mamaki: bakteriya ɗaya ce ke warware matsalolin nan biyu, tana narka selulos, tana kuma kama naitirojin daga iska. A 2002 aka raɗa mata suna Teredinibacter turnerae, don tunawa da Ruth Turner ta Jami'ar Harvard, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nazarin tsutsar jirgi, ta rasu a 2000. A 2007 kuma aka tabbatar da cewa naitirojin da bakteriyar ke kamawa yana shiga jikin mai masaukinta.

Sai dai akwai abin ɗaure kai. A saniya da yawancin masu cin ganye, masu narkarwa na zaune ne a inda abinci yake, wato cikin tumbi ko hanji. A tsutsar jirgi kuwa suna can gaɓar numfashi, nesa da abincin. Garin itacen da ta kankaro yana taruwa ne a wata doguwar jaka da ke jikin cikinta. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa inzayim ɗin da bakteriya ke haɗawa a gaɓar numfashi yana isa cikin wannan jaka ya yi aikinsa. Kamar a ce maƙeri na zaune a gari yana aika lauje gona. Ita ma dabbar tana haɗa wasu inzayim nata na kanta, a haɗu a yi aikin tare.

Rumbun da Babu Ɓera

A nan ne matsala ta uku ta bayyana, ita ce kuma zuciyar wannan darasi. Jakar nan cike take da sukari, tana da danshi, ruwan teku mai ɗauke da miliyoyin bakteriya kuma yana ratsa jikin dabbar dare da rana. Kowa ya san abin da ke faruwa ga kunun da aka bari a buɗe ya kwana. Bisa ƙa'ida ya kamata jakar ta cika da 'yan cin arziki. Amma da aka duba ta a wani bincike na 2012, sai aka tarar kusan babu bakteriya a cikinta. An sami 'yan kaɗan a hanji, a 2024 ma an ba da rahoton wasu a wani ninki na hanjin, amma jakar kanta tsaf take. Rumbu cike da hatsi a ce babu ɓera ko ɗaya, dole akwai mai gadi.

Alamar mai gadin ta riga ta fito tun 2009, lokacin da aka karanta dukkan kundin gadon Teredinibacter turnerae. An ga cewa kusan kashi 7 cikin 100 na kundin umarni ne na haɗa sinadaran da ba na ci ko girma ba, irin waɗanda ƙananan halittu ke amfani da su wajen faɗa da gasa. Wannan kaso ya yi kusa da na Streptomyces, bakteriyar ƙasa wadda daga danginta aka samo yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan masana suka shiga tace sinadaran ɗaya bayan ɗaya. Ga uku daga ciki.

Na farko shi ne turnerbactin, wanda aka bayyana a 2013. Kusan kowace halitta na bukatar sinadarin ƙarfe, irin wanda ke sa jini ja, a ruwan teku da itace kuwa yana da ƙaranci ƙwarai. Turnerbactin na damƙe ɗan ƙarfen da ke akwai ya kai wa mai shi. Bai kashe kowa kai tsaye ba, amma wanda ya kwashe ruwan rijiya ya hana maƙwabci sha.

Na biyu shi ne tartrolon, wanda aka ba da rahotonsa a 2013 shi ma. Bakteriyar na haɗa nau'insa biyu, D da E, nau'in E kuma na ɗauke da boron a tsakiyarsa, abin da ba a cika gani a sinadaran da halittu ke haɗawa ba. Yana hana bakteriya da dama girma, an kuma gano shi a jikin tsutsar jirgin kanta, ba a kwalbar gwaji kaɗai ba. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa yana cikin masu gadin jakar, ko da yake zato ne da ake ci gaba da gwadawa. A 2020 wata ƙungiya ƙarƙashin Roberta O'Connor ta Jami'ar Jihar Washinton ta nuna cewa ɗan kaɗan na tartrolon E yana kashe wani dangi na ƙwayoyin cuta masu ɓuya cikin ƙwayoyin jiki. A wannan dangi akwai Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro, da Cryptosporidium mai kawo gudawa ga ƙananan yara da 'yan maruƙa, da Babesia wadda kaska ke sa wa shanu har su yi fitsarin jini, da Toxoplasma. An gwada shi a jikin jariran ɓeraye masu ɗauke da Cryptosporidium, ya rage ƙwayoyin cutar ƙwarai.

Na uku shi ne turnercyclamycin, wanda masana a Jami'ar Utah tare da abokan aikinsu na Filifin suka bayyana a 2021. Wasu bakteriya na da ganuwa biyu a jikinsu, shi ya sa magunguna da yawa ba sa iya ratsa su. A cikinsu akwai Acinetobacter baumannii, wadda ke kama marasa lafiya a asibitoci, musamman masu raunuka da waɗanda ke kan na'urar numfashi. A ɗakin gwaji turnercyclamycin ya kashe ta, har da nau'o'in da suka daina jin kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai in komai ya gagara.

Dalilin Damuwar Likitoci

Neman magani a wurin ƙananan halittu ba sabon abu ba ne. A 1928 Alexander Fleming ya ga wata fumfuna ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita, daga nan aka sami fenisilin. A 1943 aka samo sitireftomaisin, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka, daga wata bakteriyar ƙasa. Maganin Mectizan da ake rabawa a ƙauyukan Nijeriya don hana makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, asalinsa wata bakteriya ce da Satoshi Omura ya samo daga ƙasar wani fili a Japan. Shi da William Campbell sun sami lambar yabo ta Nobel a kan wannan aiki a 2015.

Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta na koyon bijire wa magani. In aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni a cikinsu sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya zama kamar ruwa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta ƙi jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani kuwa, in aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane 100,000. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Acinetobacter baumannii a sahun farko na ƙwayoyin da ake bukatar sabon maganinsu cikin gaggawa. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda kimanin rubu'in masu kamuwa da shi a duniya suna Nijeriya ne.

An daɗe ana tonon ƙasa ana neman sabuwar bakteriya, har ya zama sau da yawa abin da aka riga aka sani ake sake samowa. Shi ya sa hankali ya koma ga bakteriyar da ke zaune cikin jikin dabbobi. Akwai kuma wata hikima a ciki. Sinadarin da aka haɗa a cikin jikin dabba mai rai, aka yi shekaru aru-aru ana amfani da shi, dole ya zama mai kashe baƙo ba tare da kashe mai gida ba. Abin da ake bukata ga magani ke nan. Wannan ba tabbaci ba ne cewa ba zai cutar da ɗan Adam ba, amma mafari ne mai kyau.

Komawa Bakin Suri

Gara ta warware matsalar itace ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu nau'o'inta na ɗauke da ƙananan halittu masu iyo a hanjinsu. A shekarun 1920 wani Ba'amurke, Lemuel Cleveland, ya nuna cewa in aka kashe waɗannan halittu gara za ta ci gaba da cin itace amma ta mutu da yunwa. Manyan gara masu gina dogon suri a ƙasar Hausa, waɗanda masana ke kira Macrotermes, su kuwa noma suke yi. Ma'aikatansu na kwaso itace da kara da ciyawa, su tauna, su gina wata saƙa mai kama da soso a ɗakunan da ke cikin suri. A kan saƙar suke shuka wata fumfuna mai suna Termitomyces, 'yar dangin naman kaza, wadda ke ruɓar da abin da aka tara ya zama abinci. Masana sun ƙiyasta cewa wannan noma ya faro ne a Afirka kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce. Girman aikin ba kaɗan ba ne: nazarin da Mark Collins ya yi a Mokwa, cikin Jihar Neja ta yanzu, wanda aka wallafa a 1981, ya nuna cewa gara na kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na busasshen itacen da ke faɗuwa a dajin wurin kowace shekara.

Gonar da ke cikin suri na da ɗumi da danshi, ga abinci, saboda haka ita ma tana bukatar gadi. In aka ciro saƙar aka raba ta da gara, cikin 'yan kwanaki wata fumfuna ta daban mai suna Pseudoxylaria takan taso ta rufe ta, kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba. Muddin gara na nan, ba ta samun sukuni. Gara na share ta, tana binne ta da ƙasa, akwai kuma shaidar cewa bakteriyar da ke tare da gara na taimakawa da sinadarai. Daga bakteriyar da ke tare da garar Afirka ta Kudu an tace microtermolide a 2012, da natalamycin a 2014, da macrotermycin a 2017, wanda a ɗakin gwaji ya hana Pseudoxylaria girma. A 2020 masana daga Jamus da Jamhuriyar Benin sun wallafa nazari a kan Macrotermes bellicosus, nau'in da ake samu a Nijeriya, suka ga abin da aka tatsa daga jikin sojojin garar na hana wasu bakteriya girma.

Ke nan tsari ɗaya ne a teku da tudu: mai cin itace, da abokin da ke narka masa, da sinadarin da ke gadin abincin. Ɗalibin Zakka bai da teku, amma surin da yake wucewa kowace safiya a hanyar makaranta ɗakin bincike ne cikakke. Kayan da ake fara irin wannan aiki da su, wato faranti na raino bakteriya da tukunyar kashe ƙwayoyi da madubin ƙara girma, suna cikin kayan da ake koyar da ilmin ƙananan halittu da su a jami'o'i, irin su Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Gargaɗi

Sinadaran da aka ambata daga tsutsar jirgi da gara ba magungunan da ake sayarwa ba ne. Tsakanin kashe ƙwayar cuta a faranti da warkar da mutum akwai tafiya mai nisa: gwaji a jikin dabbobi, sannan a jikin mutane kaɗan, sannan a jikin dubbai. Tafiyar kan ɗauki shekara 10 zuwa 15, yawancin sinadarai kuma a hanya suke faɗuwa, wasu don guba, wasu don jiki na rusa su kafin su yi aiki. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ɗebi ƙasar suri ya sha ko ya shafa a miki, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Kafin sabon magani ya iso, wajibi ne a tattala wanda ke hannu. Sayen kafso biyu a kasuwa don ciwon kai ko mura, da barin magani a tsakiya ba da shawarar likita ba, da ɗura wa shanu da kaji maganin kashe bakteriya barkatai, duk horar da ƙwayoyin cuta ne su zama gagarau.

Aikin Aji

Malami na iya jagorantar ɗalibai su yanko sanduna masu girma ɗaya daga ƙirya da giginya da darbejiya da karan dawa, a busar da su, a auna nauyinsu, a binne su rabi-rabi kusa da suri mai rai. Bayan mako 6 a tono, a kakkaɓe ƙasar, a busar, a sake aunawa, a lissafa kason da kowanne ya rasa. Haka kuma ana iya tuge gyaɗa ko wake a tsaga ƙulle-ƙullen saiwar: wanda cikinsa ya yi ja-ja shi ne wanda bakteriya ke aiki a ciki. Kada ɗalibi ya sa hannu a ramin tsohon suri, domin macizai na fakewa a ciki.

Tambayoyi

1. Waɗanne matsaloli uku ne mai cin itace ke fuskanta, kuma yaya tsutsar jirgi ta warware kowace?
2. Kwatanta wurin zaman masu narkarwa a jikin saniya, da tsutsar jirgi, da garar Macrotermes.
3. Me ya sa rashin bakteriya a jakar abincin tsutsar jirgi ya ja hankalin masana?
4. Bayyana yadda shan magani ba bisa ƙa'ida ba ke haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani.

Kammalawa

Shekaru ɗaruruwa ɗan Adam bai ga komai a tsutsar jirgi ba sai ɓarna, duk nazarinsa a kanta na neman hanyar kashe ta ne. Sai da aka tambayi yadda take rayuwa, aka gano bakteriyar da ke ciyar da ita, sannan aka gano sinadaran da yau ake gwadawa a kan zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara da cututtukan asibiti. Daga ganin Deshayes a 1848 zuwa turnercyclamycin a 2021 an yi shekara 173, kowane masani na ɗorawa daga inda na gabansa ya tsaya. Gara ma har gobe abokiyar gabar manomi da magini ce, dole a kare rumbu da azara daga gare ta. Amma ɗalibin da ya tsaya gaban suri ya tambayi abin da ke hana gonar cikinsa ruɓewa, ya kama hanyar da waɗancan masana suka bi.